Darasi na Bakwai: Dogon Ƙwai, daga Rufin Masana'anta zuwa Cikin Jirgin Sama

MANUFOFIN DARASI

Idan kun kammala wannan darasi, ana sa ran za ku iya:

1. Bayyana yadda dogon ƙwai yake samar da haske, da aikin cok da sitata.
2. Faɗin abin da ya sa haskensa yake rawa a masana'anta amma yake tsayawa cak a cikin jirgin sama.
3. Gane haɗarin wannan rawar haske a kusa da injin da ke juyawa.
4. Lissafa wutar da fitilun wurin aikinku ke sha a wata.
5. Kwashe fasasshen ƙwai ba tare da kun cutar da kanku ko wani ba.

GABATARWA

Duk wanda ya taɓa aikin dare a masana'antun Kano, a Bompai, ko Sharaɗa, ko Challawa, ya san wannan fitila. Doguwa ce, fara, jere a ƙarƙashin kwanon rufi, wata na gunaguni, wata na ƙifta ido kamar mai jin barci. A kasuwar Sabon Gari ana ce mata fulorasan, mu kuwa a gida dogon ƙwai muke cewa. Kamfanin General Electric na Amurka ne ya fara sayar da ita a 1938, kuma masana'antun da ke aiki dare da rana lokacin Yaƙin Duniya na Biyu su suka yaɗa ta, domin tana ba da haske mai yawa da wuta kaɗan.

Waɗanda Allah ya nufa suka sauke farali a shekarun baya, suka tashi daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, sun zauna a ƙarƙashin irin wannan fitila har Jidda, ko da ba su lura ba. Tana ɓoye a saman ma'ajiyar kaya da gefen tagogi, bayan farar roba. Ba ta gunaguni, ba ta ƙiftawa. Ƙwan kuwa ɗan uwan na Sharaɗa ne. To me ya bambanta halinsu? Amsar wannan tambaya ita ce ƙashin bayan darasinmu.

1. ABIN DA KE CIKIN ƘWAN

Ku ɗauki mataccen ƙwai ku duba shi da kyau. Bututun gilashi ne da aka zuƙe iskar cikinsa, aka zuba wata iska mai suna agon da ɗan ɗigon zaiba. A kowane baki akwai siririyar waya a naɗe. Farin da kuke gani ba fenti ba ne a waje, hoda ce aka shafe cikin gilashin da ita.

Idan wuta ta ratsa daga wannan baki zuwa wancan, tururin zaiba yana fitar da wani haske da idon ɗan Adam ba ya gani. Wannan ɓoyayyen haske shi ke bugun farar hodar, ita kuma sai ta mayar da shi hasken da muke gani. Wato matakai biyu ne: zaiba ta haifi ɓoyayyen haske, hoda ta fito da shi fili. Tsohon ƙwai mai zagaye kuwa waya yake gasawa har ta yi jawur, shi ya sa mafi yawan wutar da yake sha zafi take zama.

AKWATIN KALMOMI
Zaiba: ƙarfe mai ruwa-ruwa, mai launin azurfa. Guba ce ga ƙwaƙwalwa da ƙoda.
Fosfo: farar hodar da ke cikin ƙwai, mai juya ɓoyayyen haske zuwa wanda ido ke gani.
Wat: ma'aunin wutar da abu ke sha. A jikin kaya ana rubuta shi da W.

A jikin ƙwai za ku ga rubutu irin wannan: T8 36W/865. T8 kaurinsa ne, inci ɗaya. Tsohon mai kauri T12 ne, inci ɗaya da rabi, siririn kuwa T5. 36W wutar da yake sha ce, kuma shi ne mai tsawon ƙafa huɗu; mai ƙafa biyu 18W ne. Lamba ta ƙarshe ta shafi launi, za mu dawo kanta.

2. COK DA SITATA

Dogon ƙwai yana da wani hali mai ban mamaki. Kafin ya kama, taurin kai gare shi, wutar gida ba ta isa ta ratsa shi. Da zarar ya kama kuma, sai ya zama acici, yana jan wuta ba ƙoshi har ya ƙone kansa idan ba a tare shi ba. Saboda haka yake buƙatar abokan aiki biyu.

Sitata ita ce 'yar ƙaramar gwangwanin nan da ake murɗawa a gefen gidan ƙwai. Idan kun danna makunni, ita ke barin wuta ta ɗumama wayoyin bakin ƙwai na ɗan lokaci, sannan ta katse farat ɗaya. Katsewar nan ke sa cok ya yi wani tunkuɗo mai ƙarfi, wanda ke ratsa iskar cikin ƙwan. In bai kama ba, ta sake. Ƙiftawar da kuke gani sau biyu ko uku kafin haske ya tsaya ke nan.

Cok kuwa shi ne ƙarfen nan mai nauyi, wayar tagulla ce naɗe a jikin faifan ƙarfe. Bayan ƙwai ya kama, aikinsa ya koma na linzami: yana riƙe wutar kada ta wuce kima. Ba a banza yake wannan aiki ba, shi ma yana shan nasa rabon, wajen wat 8 zuwa 10, kuma duk zafi yake zama. Ku tuna da wannan idan mun zo lissafi.

AKWATIN KALMOMI
Sitata: makunni mai sarrafa kansa, mai tayar da ƙwai.
Cok: na'urar da ke tunkuɗa wuta a farko, sannan ta taƙaita ta.
Cok na zamani: cok mara nauyi mai ƙananan kayan lantarki a ciki. Ba ya buƙatar sitata.

Mai gyaran wuta da ya ƙware yakan gane ciwon fitila tun daga ƙasa. Idan bakin ƙwai biyu sun yi baƙi yana ta ƙiftawa, ƙwan ya tsufa. Idan baki biyu sun yi ja amma tsakiya ba haske, galibi sitata ce ta maƙale. Gunaguni daga cok yake. Idan kuwa duk fitilun ɗaki suka shiga ƙiftawa lokaci guda, kada ku ɗora tsani, wutar ce ta zo ba ƙarfi. Wani abu da ake mantawa shi ne ƙura. Bayan hunturu, ku kashe wuta ku goge ƙwai ɗaya da tsumma, ku kunna ku kwatanta shi da maƙwabcinsa. Gani ya kori ji.

3. HASKEN DA KE RAWA

A nan za mu daɗe, domin nan ne rai da lafiya suke.

Wutar da KEDCO ke kawowa, da wadda janareta ke bayarwa, ba a miƙe take tafiya kamar ruwan famfo ba. Gaba take yi ta dawo baya, sau 50 a kowace daƙiƙa. Abin da 50Hz da kuke gani a jikin inji ke nufi ke nan. A kowane zuwa da dawowa wutar tana faɗuwa ƙasa sau biyu, don haka ƙwai mai tsohon cok yana dusashewa ya dawo sau 100 a daƙiƙa. Ido ba ya kama wannan kai tsaye, ko da yake wasu ma'aikata kan tashi da ciwon kai ko gajiyar ido. Kyamarar waya takan tona asirinsa: ku haska ta ga ƙwan, sau da yawa za ku ga ratsi-ratsi masu duhu suna tafiya.

AKWATIN KALMOMI
Haz: yawan zuwa da dawowar wuta a daƙiƙa ɗaya. Ana rubuta shi Hz.
Rawar haske: dusashewa da dawowar haske da sauri, sau da yawa a daƙiƙa.
Ruɗin ido: yadda abu mai juyawa ke bayyana kamar a tsaye saboda rawar haske.

MISALI NA ƊAYA

Wata mota ta inji tana juyi 1,500 a minti, tana ɗauke da fuli mai hannu huɗu.

Juyi a daƙiƙa: 1,500 ÷ 60 = 25.
Hannuwan da ke wuce wuri ɗaya a daƙiƙa: 25 × 4 = 100.
Walƙiyar ƙwai a daƙiƙa: 100.

Lambobin sun yi daidai. Duk lokacin da haske ya dawo, wani hannun ya riga ya zauna daidai inda na gabansa yake ɗazu. Tun da hannuwan kamarsu ɗaya, sai ido ya ce fulin a tsaye yake. Idan aka ɗora wa motar kaya gudunta ya sauka zuwa 1,440, lissafin ya koma 24 × 4 = 96. Yanzu hannuwan suna ɗan makara, sai a ga kamar fulin yana komawa baya a hankali.

Na taɓa tsayawa a wani wurin sarrafa roba a Sharaɗa da magariba, ƙarar injuna ta cika kunne har ba a jin wanda ke aiki da wanda aka kashe. Wani yaro sabon ɗauka ya miƙa hannu zai cire zaren buhu da ya naɗe a wani fuli. Tsohon makanikin wurin ya fizgo rigarsa ta baya, ya ce, "Kai yaro, tsaya!" Bai ƙara magana ba, sai ya ɗauki guntun kwali ya kai bakin fulin. Kwalin ya tarwatse. Ni kaina da nake kallo, da an ce in rantse, da na rantse fulin ba ya motsi.

Maganin abin guda uku ne. Na farko, a sa cok na zamani, wanda ke juya wuta fiye da sau 20,000 a daƙiƙa, rawar ta ɓace. Na biyu, a masana'antar da ke da layin wuta uku, a rarraba fitilun da ke kusa da juna a kan layi daban-daban, domin idan wannan ya dusashe wancan na haske. Na uku shi ne wanda ba ya cin ko kwabo: kada hannu ya taɓa inji sai an kashe shi daga makunni an kuma tabbatar. Ido ba shaida ba ne a ƙarƙashin dogon ƙwai.

4. YADDA ABIN YAKE A CIKIN JIRGI

Manyan jiragen fasinja ba wutar gida suke amfani da ita ba. Injinsu na juya janareta mai ba da volt 115, mai zuwa da dawowa sau 400 a daƙiƙa. Dalili shi ne nauyi. Duk yadda juyin wuta ya ƙaru, ƙarfe da tagullar da ake buƙata a cok da taransifoma da mota suna raguwa, kuma a jirgi kowane kilo man fetur ne. Ribar da fasinja ya samu a kan hanya ita ce hasken na dusashewa sau 800 a daƙiƙa maimakon 100, saurin da ido ba ya ko jin alamarsa. Ƙananan jirage masu wutar batir ta volt 28 kuwa suna da 'yar na'ura mai juya ta zuwa wadda ƙwai ke so, irin dabarar da ke cikin fitilar caji mai dogon ƙwai da muka yi yayi a gidajenmu.

Ke nan ƙwai ɗaya ne, abincin da ake ba shi ne ya bambanta.

Akwai ɗabi'u uku na ma'aikatan jirgi da suka dace da kowace masana'anta. Ta farko, ba a barin ƙwai tsirara. Yana bayan murfi, don in ya fashe gilashi kada ya zubo wa mutane. A jirgi akwai ƙarin dalilin tsoron zaiba: tana cin alminiyon, wanda da shi aka ƙera jikin yawancin jirage, shi ya sa ake tsananta dokar ɗaukar kayan da ke da ita. Mu kuma a wurin sarrafa abinci, ko alewa, ko ruwan leda, murfin nan shi ne tsakanin gilashi da cikin mai saye.

Ta biyu, ba a raina ƙauri. Cok da ya fara ƙonewa yana da wani wari kamar na ƙonanniyar roba, kuma yana cikin abubuwan da aka sani suna jawo ƙauri ko hayaƙi a ɗakin fasinja. Ma'aikatan jirgi suna kashe layin nan take su rubuta rahoto. A ɗakin da aka tara auduga, ko katifa, ko sinadarin fenti, wanda ya ji wannan wari ya ce bari a tashi aiki tukuna, ya yi ganganci.

Ta uku, ana shirya wa duhu tun bai zo ba. Kun lura ana rage hasken jirgi idan zai tashi ko zai sauka da dare? Ido na buƙatar mintuna kafin ya saba da duhu, kuma ana gwada sabon samfurin babban jirgin fasinja a tabbatar za a iya fitar da kowa cikin daƙiƙa 90. A ƙasan jirage da yawa akwai wani ratsi da ke shan hasken fitila ya adana, idan wuta ta ɗauke sai ya yi ta sheƙi yana nuna hanyar ƙofa, ba batir ba waya. Ku tuna duhun da ke rufe ɗakin aiki tsakanin ɗaukewar wuta da tashin janareta, injuna ba su gama tsayawa ba, kowa na lalube. Irin wannan ratsi a ƙasa da bakin ƙofa ba tsada gare shi ba.

Sababbin jirage sun bar dogon ƙwai. Boeing 787, wanda ya fara ɗaukar fasinja a 2011, da fitilun LED ya fito, kuma ana ta sauya na tsofaffin jirage.

5. LAUNI

Mace ta ɗauki atamfa a Kantin Kwari, ta ce wa mai shago, "Alhaji, bari in fita da ita waje in gani." Gaskiyarta. Ba kowane farin haske ke nuna launi yadda yake ba. Mu koma ga 865. Lamba 8 na nufin ƙwan ya samu maki tamanin da wani abu cikin ɗari wajen nuna launi na gaskiya. Mai farawa da 7 bai kai shi ba, mai 9 ya fi shi. 65 kuma na nufin fari mai kama da hasken rana, 40 fari matsakaici, 30 mai ɗan ja-ja. Ga masu tantance fata a majemun Challawa, da masu rini da buga zane, wannan lamba ta fi farashin ƙwan muhimmanci. Kuma kada a gauraya iri biyu a kan teburin tantancewa ɗaya.

6. LISSAFIN WUTA

AKWATIN KALMOMI
Yunit: wutar da abu mai wat 1,000 ke sha a awa ɗaya. Ita mita ke ƙirgawa.

A watan Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta kai kuɗin yunit na masu rukunin Band A zuwa naira 225. Daga lokacin masu masana'antu da yawa suka fara ɗaga kai suna ƙirga fitilun da ke rufinsu.

MISALI NA BIYU

Ɗakin aiki yana da ƙwai 40 masu wat 36. Mu ce kowane cok yana shan wat 9. Ana aiki awa 10 a rana, kwana 26 a wata. Don sauƙin lissafi mu ɗauka yunit naira 200 ne; ku sa farashin da ke takardarku.

Kowace fitila: 36 + 9 = wat 45.
Duka: 45 × 40 = wat 1,800, wato yunit 1.8 a awa.
A wata: 1.8 × 10 × 26 = yunit 468.
Kuɗi: 468 × 200 = naira 93,600.

Idan aka sauya da dogon LED mai wat 18, aka cire cok:

18 × 40 = wat 720, wato yunit 0.72 a awa.
A wata: 0.72 × 10 × 26 = yunit 187.2.
Kuɗi: naira 37,440.

Rarar wata ɗaya naira 56,160. Da a ce kowane LED naira 4,000 ne, arba'in sun kama 160,000, kuɗin ya dawo kafin wata uku su cika. Sai dai araha ba ta ado. LED maras kyau ma yana rawa, wani har ya fi dogon ƙwai, don haka ku gwada shi da kyamarar waya tun a shago. Haɗin wayarsa kuma ba iri ɗaya ba ne, wani ta baki ɗaya yake karɓar wuta, wani ta baki biyu. A bar wa mai gyaran wuta ya karanta kwalin.

7. IDAN ƘWAI YA FASHE

Zaibar da ke cikin ƙwai ɗaya kaɗan ce ƙwarai, 'yan miligiram. Matsalar ita ce ba ta ruɓewa, kuma ƙwai ba ɗaya ba ne. A garin Minamata na Japan aka gano a 1956 wata cuta da ta nakasa mutane ta kashe wasu, sanadin zaibar da masana'anta ke zubarwa a teku, kifi ya ci, mutane suka ci kifi. Sunan garin aka sa wa yarjejeniyar duniya ta 2013 kan zaiba, wadda Nijeriya ta amince da ita a 2018. A taron Janiba na 2023, bisa shawarar da ƙasashen Afirka suka kawo, aka tsayar da cewa zuwa ƙarshen 2027 za a daina ƙera dogon ƙwai da fataucinsa tsakanin ƙasashe. Waɗanda ke rataye a rufinmu za su kai wasu shekaru, kuma duk sai sun sauko wata rana. Mai aiki a Challawa ya san kogin da ke bayansa, ya kuma san matatar ruwan da ke shayar da birni daga nan take ɗiba.

Idan ya fashe, a fitar da mutane, a buɗe ƙofa da tagogi na kamar minti 15. A sa safar hannu. Kada a share da tsintsiya, tana tayar da hodar. A kwashe gilashin da guntun kwali biyu, a dangwale ƙananan da salatif, a goge wurin da jiƙaƙƙen tsumma, a zuba duka har tsumman a cikin abu mai murfi. Matattun da ba su fashe ba a mayar da su kwalin sababbi a ajiye wuri guda. Kada a jefa su bola inda yara za su yi takobi da su, ko 'yan jari-bola su fasa don ɗan alminiyon da ke baki.

TAMBAYOYIN BITA

1. Wane aiki zaiba ke yi a cikin dogon ƙwai, wane kuma farar hoda ke yi?
2. Me zai faru da ƙwan idan aka haɗa shi da wuta babu cok?
3. Bakin ƙwai biyu sun yi ja, tsakiya ba haske. Me za ku fara dubawa?
4. Sau nawa ƙwai mai tsohon cok ke dusashewa a daƙiƙa a Bompai? Sau nawa a jirgi mai wutar 400Hz?
5. Fanka mai hannu biyar tana juyi 1,200 a minti a ƙarƙashin dogon ƙwai. Yaya ido zai gan ta? Ku nuna lissafinku.
6. Me lambar 840 ke faɗa game da hasken ƙwai?
7. Shago yana da ƙwai 12 masu wat 36, kowane da cok mai shan wat 9, ana kunna su awa 8 a rana, kwana 30. Yunit nawa ke nan a wata?
8. Me ya sa ba a share fasasshen ƙwai da tsintsiya?
9. Aikin gida: ku ƙirga fitilun wurin aikinku, ku rubuta lambar da ke jikinsu, ku lura da waɗanda ke saman injin da ke juyawa. Ku zo da takardar a darasi na gaba.